Fatsar pompano a bakin teku: tambayoyi da amsoshi kan koto, ƙugiya da karatun ruwa

Duk shekara idan iska ta fara sanyi, 'yan uwa mazauna Florida ta Amurka da jihohin da ke kusa da ita sukan yi ta jefo min tambayoyi kusan iri ɗaya a kan pompano. Galibinsu mutane ne da suka taso da fatsar tarwaɗa da karfasa a dam ko a gulbi, suka zo suka tarar teku ba ta san wannan karatun ba. Na tattara tambayoyin a nan domin in huta da maimaici.

Wane irin kifi ne pompano, kuma me ya sa ake rububinsa haka?

Kifi ne mai faɗin jiki, fari tas kamar azurfa, da ɗan ruwan ɗorawa a maƙogwaro da ciki, wutsiyarsa a tsage kamar almakashi. Masana na kiransa Trachinotus carolinus. Ana samunsa a gaɓar Atlantika tun daga Massachusetts har Birazil, haɗe da mashigin tekun Meziko. Ba ƙato ba ne. Yawancin waɗanda ake kamawa daga fam 1 zuwa fam 3 suke, kuma mafi girma da ke rubuce a kundin Florida fam 8 ne da oza 4, wanda aka kama a yankin Port St. Joe a 1999.

Rububin na nama ne. Namansa na da maiƙo daidai misali, ba ƙarni, ba ƙananan ƙayoyi masu damun mutum, kuma yana cikin kifaye mafi tsada a kasuwannin Amurka. Ga shi da ƙarfin tsiya. Ɗan fam 2 zai lanƙwasa maka sanda har ka ɗauka giwan ruwa ka kamo.

Abin da ya fi kamata mai fatsa ya sani game da shi shi ne bakinsa. Ƙarami ne, yana ɗan kallon ƙasa, kuma can cikin maƙoshi akwai wasu faranti masu tauri da yake murƙushe ɓawo da su. Wato kifi ne mai kiwo a ƙasa, mai bin abin da igiyar ruwa ta tono daga cikin yashi. Duk sauran amsoshin da ke ƙasa daga wannan bakin suka fito.

Yaushe ake samunsa, kuma a ina?

Pompano ɗan ci-rani ne, ɗumin ruwa yake bi. Ya fi sakewa idan ruwa yana tsakanin digiri 18 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyos. Idan sanyi ya matso sai garken ya gangara kudu, idan zafi ya dawo ya sake haurawa arewa.

A gaɓar gabashin Florida, wuraren Sebastian Inlet, Vero Beach, Hobe Sound da Juno Beach, kakarsa na farawa wajen Nuwamba ta kai Afrilu. A arewa maso yammacin jihar, wato Pensacola, Navarre, Destin da Panama City Beach, sau biyu yake wucewa: Maris zuwa Mayu, sai kuma Oktoba da Nuwamba. Mutanen North Carolina, musamman a tsibiran Outer Banks, da rani da farkon kaka suke samun nasu rabon. Ana kuma kama shi a tsibirin Padre na Texas.

Kalanda dai jagora ce kawai. Na fi yarda da ma'aunin ɗumin ruwa da ake wallafawa kullum a intanet fiye da sunan wata.

Wane koto ne ya fi kowanne?

Ƙumar yashi. Haka Amurkawa ke kiranta da harshensu, amma ba ƙuma ba ce kuma ba ta cizo. 'Yar ƙaguwa ce marar almakashi, mai siffar ƙwai, girmanta bai wuce kan babban yatsa ba, launinta kamar na jiƙaƙƙen yashi. Sunanta na kimiyya Emerita talpoida. Tana zaune daidai inda igiyar ruwa ke hawa tana sauka, ta binne kanta da baya-baya, ta bar gashin kanta guda biyu a waje tana tace abinci daga ruwan da ke komawa. Idan babbar igiya ta tono ta, ta yi ta gangarawa cikin kumfa kafin ta sake nutsewa, a wannan ɗan tsakanin ne pompano ke cafke ta. Wannan ne tuwonsa na yau da kullum, don haka ba ya yi mata kallon baƙuwa.

A cikinsu ma akwai na gaba-gaba. Macen da ke ɗauke da ƙwai, wadda idan ka juya cikinta za ka ga wani dunƙule ruwan lemo, ta fi jan kifi. Sai wadda ta saɓe ɓawo kwanan nan, jikinta da laushi. Idan ka samu irin wannan kada ka ɓata ta a kan sandar da ba ka da tabbas da ita. Manya-manyan kuma ba lallai su fi ba, tunda bakin kifin ƙarami ne. Matsakaiciya nake zaɓa.

Yaya ake kamo ta, kuma yaya ake soka ta a ƙugiya?

Ka tsaya nesa kaɗan, ka zuba ido a kan yashi lokacin da ruwa ke ja da baya. Inda suke za ka ga ruwan yana yin wasu ƙananan tsage-tsage masu baki biyu, da yawa a wuri ɗaya, kamar an yayyafa tsakuwa. Kada ka tunkare su kai-tsaye kana taka ƙasa da ƙarfi, suna jin motsi su nutse. Ka jira igiya ta rufe su, ka matso, sa'annan ka kafa manjagararka lokacin da ruwan ke komawa. Manjagarar wani kwando ne na ragar ƙarfe mai dogon hannu, ana sayar da shi a shagunan kayan fatsa. Ka ja ta cikin yashi, ka bar igiya ta gaba ta wanke, abin da ya rage a ciki naka ne. Yara kan kamo su da hannu ma.

Wajen sokawa, ka juya cikinta sama. Akwai wata 'yar wutsiya mai tsini da ke kwance a kan cikin, wadda take haƙa da ita. Ka shigar da ƙugiya ta nan, ka fito da tsininta ta bayan ɓawon, kaɗan kawai ya leƙo. Hakan na hana ta binne kanta idan ta isa ƙasa, kuma ba ta fita wajen jifa.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a karon farko, ni ma na yi shi, shi ne zuba su cikin bokitin ruwa. Na tara kusan rabin bokiti wata safiya, na cika da ruwan teku ina ganin gata na yi musu, kafin hantsi duk sun mutu suna wari. Jiƙaƙƙen yashi suke so, a cikin mazubi mai huji a ƙasa don ƙazantarsu ta tsiyaye, a ajiye a inuwa ko a saman ƙanƙara cikin kula ba tare da ruwan ƙanƙarar ya taɓa su ba. A haka sukan kwana. Idan kana son na ajiya, ka tsoma su cikin tafasasshen ruwa na 'yan daƙiƙu har su koma ruwan lemo, ka juye cikin ruwan ƙanƙara, ka tsane, ka ƙulla a leda ka sa a firiza. Waɗanda aka daskarar ɗanye sukan yi baƙi su ruguje a ƙugiya.

Idan ban samu ƙumar yashi ba fa?

Yana faruwa, musamman a tsakiyar sanyi lokacin da suke nutsewa can ƙasa, ko a gaɓar da aka yi wa ciko da sabon yashi. Ba a fasa fita saboda haka.

Jatan lande ɗanye shi ne na biyu. Ka ɓare shi, ka yanka gunduwa-gunduwa kamar girman farce. Sabo nake nufi, irin wanda za ka iya dafawa ka ci. Wanda ya narke aka sake daskarar da shi ya yi laushi, jifa ɗaya zai bar ƙugiya. Dabarar tsofaffin masunta ita ce a barbaɗe shi da gishiri mai yawa a bar shi ya kwana, ya yi tauri kamar ganda. Naman kumbar teku, wanda ake yankawa siri-siri, shi ma haka ake yi masa, kuma mutanen gabashin Florida na ji da shi sosai. Wasu kan fasa ƙaguwa su yi amfani da gaɓoɓin ƙafafunta.

Sai koton kanti, irin su Fishbites da Fishgum. Wani abu ne kamar cingam, an haɗa shi da sinadarin da ke sakin ƙamshi a ruwa, akwai mai ƙamshin jatan lande, da na ƙumar yashi, da na ƙaguwa, cikin launuka daban-daban. Da farko na raina shi. Abin da ya sauya min ra'ayi shi ne juriyarsa: ƙananan kifaye ba sa iya sace shi, kuma ba ya fita komai ƙarfin jifa. Yadda na fi amfani da shi shi ne haɗin gambiza, wato ɗan yanki kamar rabin farce a kan ƙugiya, sannan ƙumar yashi ko jatan lande a kansa. Ko an sace na gaskiyan, ƙugiyar ba ta zauna tsirara ba.

Wane irin ɗaurin ƙugiya ake yi?

Wanda ya san mamari ba zai sha wahalar gane shi ba, don ƙaramin mamari ne a tsaye. Zare ne mai tsawon kamar mita 1, darma a can ƙarshensa, sai rassa biyu gajeru a sama da ita, kowanne da ƙugiyarsa, tsakaninsu kamar kamu ɗaya. Wasu kan yi rassa uku. Zaren ya zama irin garai-garai ɗin nan da ba ya nunawa a ruwa, mai ƙarfin fam 20 zuwa 30. Ban da waya, ban da tarkacen ƙarafa masu ƙyalli. Pompano na da ido.

Ƙugiya ƙarama ake so, lamba 1 zuwa 2/0, kuma mai zagayayyen baki wadda tsininta ya lanƙwaso ciki. Amfaninta shi ne kifin da kansa yake kama kansa: ya ɗauki koto ya juya zai tafi, nauyin darma ya ja, ƙugiyar ta zame ta maƙale a gefen baki.

A saman kowace ƙugiya akan zura ɗan toto mai launi ko dutsen ado. Toton na ɗaga koton daga ƙasa kaɗan, ya sa shi rawa da motsin ruwa, ƙaguwa kuma ba ta kai gare shi da sauƙi. Ruwan lemo ya fi yawa saboda yana kama da ƙwan ƙumar yashi, sai ruwan hoda, fari, da kore mai haske. Masunta na iya kwana suna musu a kan launi. Ni dai nakan sa launi daban a kowace sanda, wanda aka fara ci sai in mayar da sauran irinsa. Ranar da ruwa ya kwanta ya yi garau, nakan cire toton gaba ɗaya daga ƙugiya ɗaya, kuma sau da yawa ita ake ci.

Sanda da zare da darma fa? Dole sai na kashe kuɗi da yawa?

Ba dole ba ne. Sanda mai tsawon ƙafa 10 zuwa 12 ta isa mafari. Masu jifan nesa kan kai ƙafa 13 ko 14. Amfanin tsawon biyu ne: nisan jifa, da ɗaga zare sama da igiyoyin da ke fashewa a gabanka. Kwarkwaron naɗin zare ya zama mai ɗaukar aƙalla mita 200, kuma ka riƙa wanke shi da ruwan famfo duk ranar da ka dawo, don gishiri da yashi ba sa yafiya.

Darma mai siffar dala ake amfani da ita, oza 3 zuwa 5, gwargwadon ƙarfin ruwa. Idan ruwan na jan ta gefe duk da haka, akwai mai ƙafafun waya da ake kira Sputnik, wadda ke kafewa a yashi, ƙafafun su buɗe idan ka ja. Ka ɗaura zare mai kauri a gaba don ya ɗauki fizgar jifa. Lissafin da aka saba shi ne ƙarfin zare na fam 10 a kan kowace oza ta darma. Darmar oza 4 da ta tsinke a tsakiyar jifa harsashi ce, ga kuma mutane na yawo a bakin ruwa. Idan zarenka saƙaƙƙe ne, ka naɗe ɗan yatsanka da filasta kafin ya yanka ka.

Sai turke: bututun roba ko na alminiyom da ake kafawa a yashi a zura gindin sanda. Ka kafa shi da kyau. Na taɓa ganin sanda sukutum ta bi kifi cikin teku mai ita na can yana waya.

Ina zan jefa? Nesa ko kusa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ta koto muhimmanci, ita ce kuma aka fi ƙin yi. Mutum zai sayi koto mafi kyau ya jefa shi inda babu kifi, ya wuni yana zargin koton.

Ƙasan teku a bakin gaɓa ba shimfiɗe yake ba. Kamar gonar da aka yi wa huɗa yake: akwai kunya, akwai kwari. Daga inda kake tsaye akwai kwari na farko, sai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, sai wani kwarin, wani lokaci da wani tudun a bayansa. Ana gane su da ido. Inda igiya ta tashi ta fashe ta yi farin kumfa, tudu ne. Inda ta lafa, ruwan ya yi duhu, kwari ne. Pompano na bin kwarin nan kamar titi, yana kiwo a gefen tudu inda igiya ke zubo abin da ta tono.

Abin da ya fi duka shi ne karyewar tudu, wato inda ruwan da ya taru a kwari ya yanke hanya yana komawa teku. Za ka ga layin farin kumfa ya katse, ruwa mai ɗan yashi-yashi yana fita waje. Nan ce ƙofar da kifi ke shiga da fita, nan kuma abinci ke taruwa. Ka jefa a gefunanta, ba tsakiyarta ba. Kada kuma ka kuskura ka shiga ruwa a wurin, domin irin wannan jan ruwan ne ke tafiya da masu ninƙaya duk shekara a Florida.

Idan kana da hali, ka je gaɓar lokacin da teku ta janye sosai, ka hau wuri mai tudu ka dubi yadda ƙasan yake, ka sa alama. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa na taimakawa ƙwarai. Sai dai guguwa ɗaya na iya sauya taswirar gaba ɗaya, ka dawo bayan mako ka tarar kwarin ya ƙaura.

Game da nisa kuwa, kada ka zaɓa, ka rarraba. Idan sandunanka uku ne, ɗaya a kwarin farko, ko da taku 20 ne daga ƙafarka, ɗaya a gefen tudu, ɗaya iyakar ƙarfinka. Wadda aka fara ci, nan garken yake. A wasu gaɓoɓin gabashin Florida sai an yi jifan mita 80 zuwa 100 kafin a kai gare su, shi ya sa masu yin sana'ar a can ke riƙe dogayen sanduna. Amma na sha ganin sabon shiga ya shiga ruwa har ƙugu don ya ƙara nisa, alhali a cikin kifin yake tsaye.

Idan ka yi kamar minti 40 babu ko motsi, ka tattara ka matsa gaba. Garke ne mai tafiya, ba ya zuwa don an daɗe ana jiransa.

Wane irin ruwa da wane lokaci ne suka fi?

Ruwa mai tsabta, kore-kore, da 'yar igiya matsakaiciya mai motsa yashi. Idan ya kwanta lif kamar tafki babu abin da ke tono abinci. Idan kuma ya yi launin kunun kanwa bayan iska mai ƙarfi, pompano ya yi gaba, sai ka nemi wata gaɓar ko ka jira kwana ɗaya ko biyu ya tace. Lokacin cikowar teku ya fi, musamman idan ya dace da sassafe ko gab da magariba. Ranar da ciyawar teku ta cika ruwa tana naɗe zare, ko aka yi shelar ruwan nan mai launin ja, mai guba, da ke kashe kifi a gaɓar yammacin Florida, ka zauna a gida. Haka idan aka fara walƙiya: doguwar sanda a fili ba abin riƙewa ba ce.

Kifi ya ci. Me zan yi?

Kada ka fizga. Wannan ne ya fi yi wa 'yan gida wuya, tunda hannunmu ya saba da fizgar fatsa da zarar toto ya nutse. Da zagayayyiyar ƙugiya, fizga fitar da ita take yi daga bakin kifi. Za ka ga kan sanda ya yi ta sallama da ƙarfi, ko kuma zaren ya saki gaba ɗaya saboda kifin ya tumɓuke darma ya nufo gaɓa. Ka ɗauki sandar, ka naɗe har ka ji nauyi, ka ci gaba da naɗi ba tare da ka bar zare ya yi sako-sako ba.

Yawancin kifin da ake asara a taku goma na ƙarshe ake asararsa. Idan igiya na komawa kada ka yi ja-in-ja da ita, ka riƙe kawai. Idan ta gaba ta taso, ka bar ta ta ɗauko maka shi, kai kuma kana ja da baya. Ka yi sauri ka mayar da koto daidai wurin, don 'yan uwansa na nan, kuma garken ba ya daɗewa.

Ana kama shi da koton ƙarya?

Ana yi. Akwai wata 'yar darma mai lanƙwasa kamar ayaba, da fenti ruwan ɗorawa ko ruwan hoda, da ƙaramar ƙugiya mai gashi a gefenta. Doc's Goofy Jig ce aka fi sani. Ana jefawa, a bar ta ta taɓa ƙasa, a ɗan zabure ta, a sake bari ta faɗi. Ƙurar yashin da take tayarwa ce ke jan kifin. Ta fi aiki daga kan gada ko a bakin mashigi, da kuma ranar da ruwa ya kwanta har kana iya hango kifin.

Me ya sa nake ta kama wasu kifaye ban da shi?

Saboda koton nan kowa na so. Wanda ake kira whiting zai fi yawa, kuma kada ka raina shi, yana da daɗi a suya. Wanda za ka yi hattara da shi shi ne kurungun teku. Ƙayoyinsa uku, ɗaya a baya biyu a gefe, suna da dafi. Na taɓa taka ɗaya don in cire ƙugiya, ƙayar ta huda takalmin roba ta shige tafin ƙafata, na yi kwanaki ina ɗingishi. Ka yi amfani da filaya. Idan kuma ka ga kurungu ne ke ta ci a jere, ruwan ne ya gurɓace, ka sauya wuri.

Me doka ta ce?

A Florida hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar, FWC, ta ƙayyade cewa pompano ya kai inci 11 daga baki zuwa tsagar wutsiya, kuma guda 6 ne iyakar mutum ɗaya a rana. Ana bukatar lasisi ko da daga gaɓa kake fatsa. Mazaunin jihar na iya karɓar na gaɓa kyauta, baƙo kuwa sai ya saya. Tun Yulin 1995 aka haramta ragar da ke shaƙe kifi a ruwan jihar, bayan ƙuri'ar da jama'a suka kaɗa a 1994. Kowace jiha da nata ƙa'idojin, kuma ana sabunta su, don haka ka leƙa shafin hukumar kafin ka fita.

Ka kuma koyi bambanta shi da ɗan uwansa permit, wanda dokarsa daban ce. Ƙaramin permit ya fi faɗi da tudun goshi, fikafikansa na baya sun fi tsawo da duhu, kuma launin da ke cikinsa ya fi karkata ga ruwan lemo.

Akwai shi a gaɓar Afirka ta Yamma?

Wannan nau'in na ɓangaren Amurka ne, amma danginsa na jini suna nan. Akwai Trachinotus goreensis, wanda ya samo sunansa daga tsibirin Gore na Senegal, da Trachinotus teraia mai shiga ruwan lagun, wato tafkin bakin gaɓa da ke haɗe da teku, da Trachinotus ovatus. Wanda ke zaune a Legas, Kwatano ko Lome zai iya cin karo da su a wurin masu kifi. Karatun tudu da kwari ɗaya ne a ko'ina, sai dai igiyar ruwan gaɓar can na da ƙarfi da jan mutum, ba wurin shiga ruwa har ƙugu ba ne.

Yaya ake gyara shi da dafa shi?

Da zarar ka auna ka ga ya kai, ka yanke masa maƙoshi jini ya fita, ka tura shi cikin ƙanƙara. Ɓamɓarokinsa ƙanana ne ƙwarai, mutane da yawa ba sa ma kankarewa. A New Orleans, gidan abincin Antoine's ya yi suna da dafa shi a naɗe cikin takarda. Ni nawa mai sauƙi ne: in fede shi, in tsaga jikinsa sau uku kowane gefe, in cusa gishiri da tafarnuwa da yajin ƙuli, in shafa mai kaɗan, in ɗora a kan garwashi kamar minti 6 zuwa 7 kowane ɓari, in matse lemon tsami a kai. Akwai wata tsoka mai kauri a saman kansa, daidai goshi, wadda masu yankan fale-fale kan zubar tare da kan. Ka sa cokali ka ciro ta.